Sikeli Kafin Allura: Rama da Ƙazuwa a Jikin Ɗan Ɓeran Masar

Ɗan ɓeran Masar yana zuwa duniya ne a shirye. Gashi ya rufe shi, idanunsa a buɗe, haƙoransa sun fito, kuma kafin ya kwana biyu ko uku ya fara tsinkar ciyawa kusa da uwarsa. Wannan shiri nasa shi ke yaudarar masu kiwonsa, domin duk wanda ya ga abu yana gudu yana tsalle tun ranar haihuwa sai ya ɗauka ba ya buƙatar wani tattali. A sayo shi yana ɗan wata ɗaya ko biyu, a kawo wa yara gida, a saka shi a keji da ɗan dusa da karas. Bayan mako biyu ko uku sai a lura yana yawan susa, gashin kafaɗarsa ya fara zubewa, in an ɗaga shi kuma a ji shi sakayau a hannu. Daga nan hankali ya koma kan fata kacokan, kowa na tambayar wane magani za a shafa masa. A ganina wannan tambaya ta zo a makare, kuma akwai wadda ta riga ta. Rama da ciwon fata a jikin ƙaramin ɓeran Masar galibi tushensu ɗaya, wato jikin da aka takura wa yana cikin girma. Abin da ke fara tona wannan matsala, ya kuma faɗi yawan maganin da dabbar za ta iya ɗauka, shi ne ƙaramin sikelin kicin da littafin rubuta nauyi.

Sai an san halin dabbar kafin a gane dalili. Asalinta tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, yankin da yau ya ƙunshi Peru da Bolibiya da Ikwado, inda mutane suka mayar da ita dabbar gida shekaru dubbai da suka wuce, suna kiwonta don nama har gobe. A ƙarni na 16 'yan kasuwar Turai suka kai ta ƙasashensu, a can ta zama abin sha'awa a gidaje, daga baya kuma ta shiga ɗakunan binciken kimiyya. Danginta na daji abincin shaho ne da maciji da kyanwar daji, kuma a irin wannan rayuwa duk wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Don haka ɓeran Masar ya gaji ɓoye ciwo. Zai zo bakin keji da gudu idan ya ji motsin ganye, ya yi ƙara, ya sa baki a abinci kamar yana ci, alhali ya kwana biyu yana tauna kaɗan yana zubarwa. Ga kuma gashi mai kauri da jiki dunƙulalle da ke rufe ƙashin baya da haƙarƙari. Ranar da ido ya ga ya takure a lungu, gashi a tsaye, idanu sun faɗa, to ciwon ya daɗe yana cin sa.

Alƙaluman da ya kamata mai kiwo ya riƙe ba su da yawa. Uwa tana ɗaukar ciki na kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu a mafi yawan lokuta, ko da yake nono biyu kacal gare ta. Jariri kan zo da nauyin giram 60 zuwa 110, kuma wanda ya gaza giram 60 da wuya yake rayuwa. A kwana ɗaya ko biyu na farko yakan ɗan ragu, sannan ya kama hawa. Ana yaye shi a wajen mako uku, lokacin da ya kusa giram 200. Daga nan lafiyayye yana ƙara giram 20 zuwa 30 a mako, wasu fiye da haka, har girman ya lafa a wajen shekara guda, namiji ya tsaya tsakanin giram 900 da 1,200, mace tsakanin 700 da 900. Ba a cewa lallai sai kowane ya cika wani adadi a wata rana, domin ɗan da aka haifa shi kaɗai ya fi wanda aka haifa cikin biyar girma, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Abin dubawa shi ne tafiyar adadin daga mako zuwa mako. Duk uwar da ta saba kai jaririnta awo asibiti ta san ma'aikaciyar lafiya layin da ke kan kati take dubawa, ko yana hawa ko ya kwanta. Haka abin yake a nan. Babban ɓeran Masar da nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya lafiya lau yake, amma ƙaramin da nauyinsa ya tsaya mako biyu a jere ya riga ya fara ciwo, ko da bai rasa giram ɗaya ba.

Wani zai ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, wanda ke ɗaukar dabbarsa kullum ai zai ji in ta rame. Karin maganar gaskiya ce a kan buhun gero ko rago, amma a nan ta gaza. Likitoci kan ɗauki asarar kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a matsayin abin tashin hankali. A jikin ɗan ɓeran Masar mai giram 300, kashi 10 ɗin giram 30 ne, bai kai nauyin ƙwan kaza ɗaya ba. Babu hannun da zai tuna nauyin makon jiya har ya gane wannan bambanci, musamman hannun da ke ɗaukar dabbar kullum, wanda ke sabawa da raguwar a hankali ba tare da ya sani ba. Akwai ma wani tarko. Masu kiwo kan gaya wa juna cewa hawa da saukar giram 30 ba komai ba ne, cikar ciki ce da mafitsara. Wannan magana ta babba ce mai kilo guda. In aka ɗora ta kan ɗan mako shida, an ba shi izinin rasa kashi ɗaya cikin goma na jikinsa ba tare da kowa ya motsa ba. Awon kansa ba wahala: sikelin da ke nuna giram ɗaya-ɗaya, kwano mai zurfi a kai don kada ya yi tsalle, lokaci guda a rana, gwamma da safe kafin a ba shi ganye, sannan a rubuta. Sau ɗaya a mako ya wadatar ga lafiyayye, kullum ga jariri da marar lafiya da wanda aka sayo kwanan nan. Masu cewa awon zai firgita shi su tuna bai kai minti ɗaya ba, kuma a cikin wannan minti ne ake buɗa gashi a ga fata, a duba ƙafafu da haɓa.

Idan layi ya kwanta, wuri na farko da za a duba shi ne bitamin C, kuma a nan ne mafi yawan masu kiwo ke faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Kare da kyanwa da akuya da zomo duk jikinsu na haɗa wannan bitamin da kansa. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam da birai, ya rasa sinadarin hanta da ke kammala wannan aiki, don haka dole ya samu daga abinci kullum, kuma jikinsa ba ya ajiye shi da yawa. Tarihin kimiyya ma ya shaida haka. A shekarar 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wata cuta da ke kama ma'aikatan jiragen ruwa, sai suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi da burodi zalla. Dabbobin suka kamu da sikabi, cutar da ke sa dasashi zubar da jini, gaɓoɓi su kumbura, haƙora su yi girgiɗi. Da aka ƙara musu ɗanyen kabeji ko ruwan lemun tsami sai cutar ta kau. Wannan gwaji ne ya buɗe hanyar da ta kai ga gano bitamin ɗin kansa a farkon shekarun 1930. Abin lura shi ne abincin da ya jawo cutar a ɗakin binciken, hatsi busasshe ba ɗanyen ganye, shi ne kusan abin da mutum zai ba dabbar idan ya bi abin da ya saba yi wa kaji da zomaye: dusa, tsaki, ragowar tuwo. Cikin mako biyu zuwa uku alamu ke bayyana, kuma ƙarami ya fi saurin faɗuwa saboda ƙashinsa da fatarsa suna kan ginuwa, duk kuwa suna buƙatar sinadarin kolajin, wanda ba ya haɗuwa sai da bitamin C. Zai fara ɗingishi ko tsalle da ƙafafun baya a haɗe, ya yi ƙara in an taɓa gwiwarsa, gashinsa ya yi kaushi, rauni ya ƙi warkewa, tauna ta zama azaba har ya rage ci.

Buƙatar babba ita ce kimanin miligiram 10 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, ta mai girma da mai ciki da marar lafiya kuma ta kai miligiram 30. Ke nan ɗan giram 300 yana son wajen miligiram 10 kullum. Giram 100 na koren tattasai marar yaji yana ɗauke da kusan miligiram 80, don haka yanki ɗaya mai giram 12 ko 15 ya biya masa buƙata. Gwaba ta fi haka ma, ta haura miligiram 200, sai dai zaƙinta ya sa kaɗan ake bayarwa. Karas kuwa, wanda kowa ke fara miƙa wa dabbar, bai wuce miligiram 6 ba a giram 100, kokwamba kuma wajen 3. Kafin wannan ƙaramin ya sami abin da yake buƙata daga kokwamba sai ya cinye nauyin jikinsa a rana. Abincin kanti da aka ƙara wa bitamin ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, domin zafi da laima na lalata shi, kuma buhun da ya wuce wata uku da sarrafawa ya yi asarar mai yawa. Zuba bitamin a ruwan sha shi ma dabara ce mai rauni: haske na kashe shi cikin sa'o'i, kuma yana sauya ɗanɗanon ruwa har dabbar ta rage sha. A ƙasashenmu na Sahel matsalar na bin yanayi. Da damina ɗanyar ciyawa na rufa asiri, amma da rani, lokacin da aka koma ga harawa, bitamin ɗin ya ƙare daga abinci gaba ɗaya, domin busasshen ganye ba ya riƙe shi. Harawa mai tsabta, marar fumfuna, abinci ce mai kyau ga mai girma, amma tana buƙatar ɗanyen ganye a gefe. Kuma gara a saba masa da ganyaye iri-iri tun yana ƙarami, don ɓeran Masar na kafa zaɓinsa da wuri, wanda ya girma bai san tattasai ba yana iya ƙin sa har abada.

Sauran dalilan rama ana iya ratsa su da sauri. Haƙoransa 20 duk suna girma muddin ransa, kuma tauna ciyawa mai kaushi ce ke goge su. In ciyawa ta yi ƙaranci, turamen ƙasa kan tanƙwara ciki har su danne harshe, sai a ga yawu ya jiƙe haɓa. Hanjinsa kuma ba ya jure zama babu komai, wanda ya yi sa'a 12 bai ci ba yana cikin haɗari, sai an ɗura masa abinci. Akwai cin zali, inda babba ke tare kwano ƙarami ya kwana da yunwa, maganinsa kwano biyu da maɓoya biyu. Akwai kaɗaici, domin dabbar garke ce, har ƙasar Siwizalan ta sa a dokarta tun 2008 cewa ba a ajiye ta ita kaɗai. Haɗa shi da zomo ba ya magance wannan: zomo na ɗauke da ƙwayar Bordetella ba tare da ya nuna ciwo ba, ita kuwa tana jawo wa ɓeran Masar ciwon huhu mai kisa, ga shuri, ga abincin zomo da ba shi da bitamin C. Sikeli na kuma tona akasin rama. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana mako huɗu zuwa shida, don haka ƙaramar da nauyinta ya yi tsalle fiye da na 'yan'uwanta wataƙila an sayo ta da ciki. Shi ya sa ake raba maza da uwa da 'yan'uwa mata da zarar sun cika mako uku.

To ina fata ta shigo? Mafi munin abin da ke kama fatar ɓeran Masar wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, Trixacarus caviae, ɗan'uwan wanda ke sa wa mutum ƙazuwa, wanda masana suka fara bayyana shi a 1972 daga dabbobin da aka samu a Ingila. Macen na haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa babba bai fi mako biyu ba. Yakan fara daga wuya da kafaɗu, ya gangara baya da ciki da cinyoyi. In aka buɗa gashi za a ga fata ta bushe ta yi kauri, ga farin gari kamar amosani, ga ɓamɓaroki rawaya-rawaya, ga dogayen yagewa masu jini inda faratan baya suka bi. Ƙaiƙayin ya wuce misali. Dabbar za ta tsaya tsakiyar ci ta juya ta ciji kanta, ta yi ƙara, ta zabura da gudu tana karo da bangon keji. In abin ya yi nisa, taɓa bayanta kaɗai na iya sa ta faɗi gefe tana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har mai ita ya zaci ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wadda ba ta barci, ba ta iya zama ta gama cin abinci, dole ta rame, kuma wannan ƙazuwa na kashewa in an bar ta.

Abin da ya sa na ce tushen ɗaya ne shi ne yadda cutar ke ɓullowa. Ɓeran Masar na iya zama ɗauke da 'yan ƙwarin nan wata da watanni, garkuwar jikinsa ta danne su, fatarsa sumul. Yawanci daga uwa ake ɗauka, ko daga cunkoson kejin mai sayarwa. Suna samun sarari ne idan jiki ya raunana: ciki, tsufa, wata cuta, ƙarancin bitamin C, ko tashin hankalin sauya wuri. A duba abin da ke samun ɗan da aka sayo. Cikin 'yan kwanaki an raba shi da uwa, an ɗauke shi daga 'yan'uwa, an yi tafiya da shi a kwali, an sauya masa abinci, ga hannayen yara a kansa daga safe zuwa dare. Shi ya sa ƙazuwar ke bayyana mako biyu ko uku bayan isowa, mai gida kuma ya ɗora laifin kan ciyawa ko garin katakon da ya shimfiɗa, alhali wannan ƙwaro ba ya daɗewa a raye in ba a jikin dabba ba, tare da ita ya shigo gidan. Ba ina cewa abinci mai kyau zai kashe ƙwaron ba. Da zarar cutar ta tashi sai magani, kuma ba a jira. Amma wanda ya kashe ƙwaro ya bar abin da ya buɗe masa ƙofa zai ga dabbar ta daina susa tana ci gaba da ramewa, ko kuma wani ciwon ya biyo baya.

Ba kowace zubewar gashi ce wannan ƙazuwa ba. Akwai ƙwarƙwata iri biyu da aka fi gani, Gliricola porcelli siririya da Gyropus ovalis mai faɗi, waɗanda ido ke iya gani suna motsi a gindin gashi, musamman bayan kunne, ga ƙwayayensu manne da gashi. Ba sa shan jini, ba sa kama mutum, kuma ƙaiƙayinsu da sauƙi. Akwai Chirodiscoides caviae da ke maƙale a silin gashin ƙugu kamar ƙura, sau da yawa ba ya damun dabbar. Ɗan fili marar gashi a bayan kowane kunne halitta ce, haka kuma gashi kan yi shara-shara a lokacin yaye. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne makero, ciwon fangas da ya fi kama ƙanana. Yakan fara a hanci da kewayen ido da kunne, fili zagayayye mai ɓawo, gashin wurin ya karye, ƙaiƙayinsa bai kai na ƙazuwa ba. Yana kama mutum. Likitocin fata a Jamus sun ba da rahoton ƙaruwar wani nau'insa, Trichophyton benhamiae, a shekarun 2010, galibi a jikin yara, a fuska da wuya da hannu, wato wuraren da yaro ke manna dabbar, kuma yawancin lokuta daga ɓeran Masar aka ɗauka. Dabbar na iya zama ɗauke da shi ba alama. Maganinsa daban ne, na sha da na wanka, na makonni da dama, kuma maganin ƙwari ba ya taɓa shi. Shi ma ya fi tashi a jikin da ya raunana, wani lokaci ma a tarar da shi tare da ƙazuwa a dabba ɗaya.

Akwai masu ganin kada a ba da magani sai an ga ƙwaron ƙazuwar a madubin likita. Ƙa'ida ce mai kyau a mafi yawan cututtuka, amma a nan tana da illa. Likita na kankare fata da reza ya duba, sai dai ƙwarin na cikin rami, ƙalilan daga cikinsu sun isa su haukata dabba, kuma sau da yawa kankarar ba ta kamo ko ɗaya. Rashin ganinsu bai wanke dabbar ba. Shi ya sa likitoci da dama, in suka ga ƙaiƙayi mai tsanani da rauni a kafaɗa, suke ba da magani su ga yadda jiki zai amsa, su kuma ɗauki gashi don gwajin fangas in akwai shakka. Ina tare da su, domin haɗarin jinkiri ya fi haɗarin maganin da aka auna daidai.

A wajen aunawar ne sikeli ke yin aikinsa na biyu. Maganin da aka fi amfani da shi ibamektin ne, wanda binciken Satoshi Ōmura na Jafan da William Campbell ya samar, har suka sami kyautar Nobel a 2015. Makiyayanmu sun san shi sarai, shi ne ke cikin kwalbar Ivomec da ire-irenta da ake yi wa shanu da raguna allura. Adadin da littattafan likitan dabbobi ke bayarwa ga ɓeran Masar yana wajen miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowane kilo, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 14, sau biyu ko uku ko fiye, domin maganin ba ya kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe. Yanzu a yi lissafi. Kwalbar shanu na ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita. Ɗan giram 300, a kan miligiram 0.4 a kilo, yana buƙatar miligiram 0.12, wato mililita 0.012. Ɗigo ɗaya daga bakin sirinji ya ninka wannan sau uku ko huɗu. Wanda ya ce bari in ɗan ɗiga masa kaɗan ya riga ya wuce gona da iri, kuma yawan maganin na taɓa ƙwaƙwalwa, ya jawo rawar jiki da tangaɗi da suma. Sai an sirka shi kafin a iya auna irin wannan adadi, aikin likita ke nan, kuma likitan ba zai iya ba sai ya san nauyin dabbar na ranar, wanda a jikin mai girma ya sauya kafin zagaye na biyu. Ga jarirai ƙanana ƙwarai likita kan yi taka-tsantsan fiye da haka. Akwai kuma selamektin da ake ɗigawa a bayan wuya. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna ɗigawa sau ɗaya a kan miligiram 15 a kilo ta yi aiki daidai da jerin allurar ibamektin. Shi ma da nauyi ake lissafa shi.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya, waɗanda wasu ke shafa wa kare ko akuya mai ƙazuwa, guba ne a jikin dabbar da ba ta kai rabin kilo ba, wadda kuma ke lasar gashinta. Wanka da sabulu kafin magani ba ya kai wa ga ƙwaron da ke cikin fata, sai ƙara raɗaɗi, har ya iya tayar da jijjiga. Mafi haɗari shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane. Ganin rauni ya yi ruwa, sai a ɓare kafson Ampiclox ko amoksisilin a zuba a ruwa. Dangin fenisilin, da linkomaisin da kilindamaisin da eritromaisin, suna kashe ƙwayoyin hanji masu amfani da ɓeran Masar ke narkar da ciyawa da su, sai ƙwayar Clostridium ta mamaye wurin ta zuba dafi, gudawa ta biyo, dabbar ta mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai magungunan da jikinsa ke ɗauka, kuma likita ne zai zaɓa.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce, tunda ƙwaron na ɓoye, me zai hana a riƙa ba kowace dabba ibamektin duk wata a huta? Na fahimci jan hankalin wannan ga mai dabbobi da yawa, kuma daidai ne a yi wa duk waɗanda ke keji ɗaya magani in ɗaya ya kamu, a kuma wanke kejin a sauya shimfiɗa. Amma mayar da shi al'ada na nufin maimaita wancan lissafi mai haɗari ba dalili, kuma an riga an ga yadda yawan amfani da wannan magani ya sa tsutsar cikin tumaki da awaki ta daina jin sa a ƙasashe da dama. Sannan yana rufe alamar da ke gaya wa mai kiwo cewa wani abu ya lalace a abinci ko muhalli. Keɓe sabon zuwa na mako biyu zuwa uku, ana auna shi ana duba fatarsa, ya fi wannan amfani. Wasu kuma za su ce manoman Andis, da na tsaunukan yammacin Kamaru da gabashin Kwango inda ake kiwonsa don nama, ba su da sikeli kuma dabbobinsu na yaɗuwa. Gaskiya ne, amma su suna yanko ɗanyar ciyawa kullum, suna zaune a wuri mai sanyi, kuma yawancin dabbobin ana yanka su suna 'yan watanni, mutuwar ɗaya ko biyu cikin garke asara ce da aka saba da ita. Wanda ya ajiye biyu a gida don su rayu shekara biyar zuwa bakwai tare da 'ya'yansa lissafinsa daban ne.

Zancen sanyin nan ya shafe mu kai tsaye. Ɓeran Masar ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyos, kuma daga wajen 28 zuwa sama zafi na iya kayar da shi. A Kano da Sakkwato da Maraɗi da Yamai, watan Afrilu na haura digiri 40. Tun kafin zafi ya kai ga kisa yana rage ci, kuma a daidai lokacin ne ɗanyen ganye ya fi wuya. Duk mai niyyar ajiye wannan dabba a irin waɗannan garuruwa ya fara tambayar kansa ko yana da ɗaki mai sanyin ƙasa da iska, nesa da rufin kwano, in babu to barin ta ya fi zama tausayi. Wanda kuma ya riga ya ɗauko, ya ɗauki amana, kuma arahar kuɗin dabba ba ta rage zafin da take ji. Kuɗin maganin ƙazuwa ba shi da yawa in an je da wuri. Asibitocin dabbobi na gwamnati da na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun fi sabawa da shanu da awaki da kaji, don haka zuwa da takardar nauyi na makonni da bayanin abin da dabbar ke ci zai sauƙaƙa wa likita aiki sosai.

Bayan zagayen farko na magani ƙaiƙayi kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya lafa, don haka ana rage tsinin faratan baya, likita kuma na iya ƙara maganin raɗaɗi. Gashi ba ya dawowa sai bayan makonni, kuma ba a dakatar da magani don an ga susa ta tsaya. A wannan tsakani ana awo kullum. In cikin mako guda nauyi ya kama hawa, an kama hanya. In susa ta tsaya amma adadin bai motsa ba, sai a koma wurin likita ya duba turamen haƙora da gaɓoɓi da huhu, in mace ce kuma ya lalubi ciki.